Awa Biyar na Farko

Daga Castro aka kawo shi, a bayan motar Ulises,
ja wur, ko ledar hannayensa ba a ɓare ba.
Babana Eliseo ya zagaya shi sau biyu
kamar yadda yake zagaya bijimi a kasuwa,
ya ce, "Abin da ba shi da ido,
ta ina za a gane halinsa?"

Na karanta masa takardar cikin kwali:
baƙin mai tukuna, don cikinsa a bushe ya zo,
rabin totur na awa biyar,
sannan a juye man tun da ɗuminsa.
Ya yi dariya har ta zame masa tari.
"Ai haka na hori Clavel.
Wa ke ɗora wa maraƙi gona guda ranar farko?"

Kwana biyu muna tsintar gonar dankali:
duwatsu, guntun wayar shinge,
igiyar jirgin ruwa da ta biyo ciyawar teku
da muka zuba taki bara.
Rana ta uku na sa takalman roba masu kauri,
na tufke gashina.
Ya zare mini gyalen ulu daga wuya bai ce komai ba.
Amaro ya koma bayan shinge, yana riƙe da kare,
dukansu biyu suna fushi.

Na ja igiya sau uku. Ya kama.
Sai ya zabura kamar an tsikare shi,
na riƙe, ya fizge, na ja baya, ya ƙi.
"Herminia! Ba kokawa kuke ba!
Sassauta kafaɗa. Bar shi ya ɗan lasa sama-sama,
zurfi sai a zagaye na biyu."

Can wajen tsohon tuffa
saiwa ta naɗe masa haƙora, ya tsaya yana gurnani.
Na sunkuya, na kai hannu.
Ban san dattijon na da sauran gudu ba
sai da na ji ya damƙe mini wuyan hannu
da yatsunsa ukun nan,
ragowar da injin matse tuffa ya bar masa
tun ba a haife ni ba.
"Kashe shi," ya ce. "Zare wayar fulogi.
Sannan ki nemo sanda."

Ruwa ya hana mu aiki Laraba da Alhamis.
Ranar Asabar awa biyar ta cika,
na kwance ƙusa, man ya tsiyaya cikin tsohuwar tukunya,
da ɗan ƙyalli a ciki kamar ɓawon kifi.
Ya leƙa, ya ce, "Haƙoran nono ne ya zubar."

Ya ɗora tafinsa a kan murfin, da sauran ɗumi,
ya daɗe haka, yana kallon teku.
Ƙasa ta buɗe baƙi ƙirin,
tsuntsaye har sun sauka bin tsutsa.
"Jibi," ya ce, "idan an wayi gari babu ruwa,
ki nuna mini inda ake riƙewa."