Mu Biyu, Tebur Guda

Dare ya raba a Garin Malam,
kuran ya ɗauke tun bayan lisha,
hasken da ya rage na wayata ne
da garwashin shayin Habu mai mutuwa a hankali.
Can ɗaya gefen tebur akwai wani,
ban san garinsu ba, ban san fuskarsa ba,
sunansa lamba ce da hoton kura.
Mu biyu ne rak.
Babu na ukun da zan laɓe bayansa.

Shekarar fari na yi wasa kamar ɗan akuya a Kasuwar Dole,
duk tallan da na gani sai na kai baki.
Bakwai da biyu, na bi.
Tara da huɗu, na ninka.
In aka cinye ni sai kunnuwana su yi zafi,
in koma da gudu kamar mai bin ɓarawon moto,
asuba ta iske ni ina zagin reso
alhali reso bai taɓa katina ba.

Habu ne ya kai ni Birni,
gidan Malam Numau, bayan manyan duwatsu,
tsohon malamin lissafi da alli ya cinye wa murya.
Ya ce, ni ban taɓa kuɗin caca,
kai ma ka san abin da aka ce a kanta,
amma tunda ka zo, zauna in ga kanka.
Ya zube ƙwallayen dabino a tabarma,
hamsin nawa, hamsin nasa.
Kafin la'asar babu ko guda gabana.

Ya ce, ba kati ya ci ka ba.
Kana saurin magana in hannunka ya yi kyau,
kana jinkiri in ƙarya za ka yi,
makaho ma ya karanta ka.
Ya sa na sayi kaye na dala arba'in.
Rubuta kowane hannu, in ji shi,
wanda ka ci da wanda ka sha ƙasa,
musamman wanda ka ci bisa kuskure,
shi ne macijin da ke kwana cikin takalmi.

Kowace Laraba muna buɗe kayen.
Nan me ka zata yana riƙe da shi?
Sau nawa cikin goma?
In na ce zuciyata ce ta ba ni,
sai ya cire tabarau ya dube ni
har in ji kunyar zuciyar.
Daga gare shi na koyi daɗin zama na ƙarshe a magana,
na koyi ajiye kati ba tare da na ji an mare ni ba,
na koyi kashe waya in jinina ya hau,
in taka har bakin tabki in dawo.

Sauran bai koya mini ba, dare ne ya koya.
Hannu dubu nawa, ban ƙirga ba.
Kaye na huɗu ya cika, bangonsa ya sha maiƙo.

Yau ga mai hoton kura ya dawo.
Na lura yana ninkawa ƙanana in ya tsorata,
na jira shi, jiran mai kamun fara da sanyin safiya.
Sarki biyu a hannuna, ya tura duka, na bi.
Katin ƙarshe ya faɗo nasa.
Ya kwashe.

Na duba kunnuwana, sanyi ƙalau.
Na jawo kaye na rubuta: daidai na yi, sau takwas cikin goma nawa ne.
Habu ya ce, an cinye ka kana murmushi?
Na ce zuba mini na ukun,
gobe Laraba, da wuri zan hau Birni.