Taragu Biyu, Igiya Ɗaya

Ƙarfe uku na dare a Valparaíso.
Tashar jiragen ruwa ta yi tsit,
gado na bakwai ne bai san shiru ba.
Inji ya hura, inji ya saki,
kamar zugazugin maƙerin da aka hana gajiya.

Baltazar Oyarzún ke kwance.
Shekara talatin da ɗaya yana jan taragon tudu,
mai hawa da mutane unguwar sama
yayin da ɗan'uwansa ke gangarowa bakin teku.
'Yarsa Maite ta ce kullum yakan ce:
ɗaya ba ya hawa sai ɗaya ya sauka.
Yau ƙirjinsa ke wannan aiki,
igiyar kuwa tana hannun inji.

Ba huhu ya kawo shi ba,
motar kifi ce ta kwashe shi a kwana.
Mu muka zura bututu a maƙogwaronsa,
mu muka ba tari maganin barci,
tarin da ke gadin ƙofa tun ranar haihuwa.
Ƙofar da muka buɗe wa iska
ba iska kaɗai ta gan ta ba.

Kwana huɗu lafiya lau.
A na biyar ma'auni ya haura talatin da tara,
kakin da nake zuƙowa fari
ya koma ruwan ɗorawa, mai kauri, mai wari.
Likita Quilodrán ta ɗaga hoton ƙirji ga fitila,
ta ɗora yatsa a ƙasan huhun dama
inda wani farin gajimare ya yada zango.
Ba ta ce komai ba.
Ni ma ban ce ba.

Amma na yi lissafi, ƙarya ne in ce ban yi ba.
Daren Talata ne, da Fresia ba ta zo ba,
gadaje uku suka faɗo kaina?
Na makara da goge bakinsa awa guda da rabi.
Ko lokacin da muka juya shi
kan gadon ya sauka, ba wanda ya lura?
Ƙwayar cuta ba ta barin sawu,
ba ta da ƙafar da za a bi.

To, sai aiki.
In wanke hannu har fatar ta tsage.
In ɗaga kan gado, kada yawu ya ɓata hanya.
In auna iskar 'yar balan-balan da ke toshe gefen bututu.
In bi haƙoransa da burushi, ɗaya bayan ɗaya,
har da na zinaren can ciki
da Maite ta ce ya sa a shekarar aurensa.
In rataya maganin jijiya,
in ƙirga ɗigonsa kamar mai bin bashi.

Wa zai yarda rai na iya rataya
a kan burushin haƙori?

Da asuba mukan rage maganin barci
mu ga ko mai gida yana ciki.
Na sunkuya na ce, Baltazar, Eliana ce, matsa hannuna.
Shiru.
Sai babban yatsa ya motsa,
ya tura gaba, ya ja baya,
kamar mai neman birki.
Inji ya rubuta numfashi biyu da ba nasa ba.
Biyu kacal.
Zazzaɓin bai tafi ba, gajimaren yana nan,
sakamakon gwaji sai jibi.

Na miƙa aiki ƙarfe takwas,
na shiga taragonsa zuwa gida.
Wani yaro ne a kujerarsa, yana cin burodi.
Katako ya yi ƙara, igiya ta miƙe,
teku ya fara ja da baya.
A tsakiyar tudu muka yi kiciɓis da mai saukowa,
tagogi suka gaisa, suka wuce.

A nan na gane
tun daga ƙasa ban saki numfashina ba.