Ƙugiyar Baffa Manu

Inna Jebbu ta shigo shagonmu na Herwagana
da ƙamshin man shanu a bakin mayafinta.
Ta ce, "Allo nake so a ƙofar rumfata,
rubutu mai yanga,
wanda in direban Dukku ya hango
zai taka birki ko bai ji yunwa ba."

Na kunna mata kwamfuta.
Haruffa suka jeru kamar atamfa a kanti:
wani siriri kamar tsinken tsintsiya,
wani ya yi tumbi kamar randa,
wani yana kwaikwayon alƙalamin kara
har da ɗigon tawada na ƙarya.
Ta dangwala yatsa a gilashi:
"Wancan, mai jelar ƙadangare."

Na buga: Maraba da Baƙi.
M ta baje hannun riga,
B ta murza gashin baki,
amma inda ƙ za ta zauna
sai ga ɗan akwati, wayam,
kamar taga a kangon gida.
Wanda ya ƙera salon nan a can garinsu
bai taɓa sayen ƙosai ba.

Na sa k mara ƙugiya. Wa zai lura?
Mai ya kusa ƙarewa a janareta,
ga masu katin suna sun yi layi.

Kwana biyu sai ga ta, allo a ka kamar faifai.
"Maraba da baki!
Da can da hanci ake cin tuwona?
'Yan firamare sun samu abin waƙa.
Ni mutane nake wa maraba, ɗan nan,
ban gayyaci haƙoransu su kaɗai ba."

Baffa Manu na jin mu daga gindin darbejiya.
Shekara talatin yana rubutu a ƙeyar manyan motoci
kafin injin buga bana ya zaunar da shi.
Yanzu ko kofin shayi ya ɗauka
rabi a ƙasa yake ƙarewa.

Bai ce komai ba.
Ya laluɓo gwangwanin tumatir mai sauran fenti,
ya tsoma buroshin da gashinsa bai fi a ƙirga ba.
Hannun na ta kaɗawa
har ya isa kan harafin,
nan ya tsaya cak.
Ja ɗaya, ya lanƙwaso kan k
kamar akuya ta miƙa wuya ga ganye.

Fentinsa ya fi nawa duhu,
ya kuma ɗan yi kauri daga dama.
Inna ta duba, ta sake dubawa,
ta aiko masa da masa shida da miyar taushe.
Ni ko sannu.

Da dare na rufe shago, na zauna da linzami
ina neman lanƙwasar nan a kan allon kwamfuta.
Na yi sau goma sha ɗaya,
duk sun fito sumul.
Gobe zan kai masa goro
in tambaye shi daga ina hannu ke fara juyawa.