Awon Baki

A kasuwar kifi ta Puerto Ayora
gwaggona Eufemia tana gyaran kifi,
kwasakwasa biyu sun tsare gefen tebur
kamar masu bin ta bashi.
Ni kuwa saukowata ke nan daga jirgi,
wata uku rabona da gida,
rana ta saluɓe mini fatar wuya,
littafina cike da lambobi.

"Wilfrido," ta ce, ko kai ba ta ɗago ba,
"har yanzu kana nan kan aikin nan?
Mutane na awon shinkafa, kai kana awon bakin tsuntsu.
An ce masu biyanka sun ce
biri ne ya haifi kakanka.
To ni dai kada a mai da ni gwaggon biri.
In biri ya zama mutum,
waɗanda suka rage a dajin Napo
me suke jira, takardar izini?"

Na ɗauki wuƙa na taya ta kankare ɓawo.
Na ce, Gwaggo, ba haihuwa ba ce, dangantaka ce.
Ba ke kika haifi Marisela 'yar baffanki ba,
ita ma ba ta haife ki ba.
Kaka kuka haɗa, can a Loja.
Ita ta zauna a tudu tana shanya kofi,
ke teku ta kira ki.
Don kin iya kifi
ba a ce sai ta bar duniya ba.

"Kame-kame ne," ta ce.
"Wa ya gani da idonsa?"

Ni na gani, amma ɗan kaɗan.
Ban ga kunkuru ya wayi gari da fiffike ba,
ba wanda ya taɓa cewa haka za a gani.
Fari na gani.
Tsibirin ya koma kamar kaskon suya,
ƙananan ƙwayoyi suka ƙare,
sai 'ya'yan tsidau masu ƙaya, masu tauri.
Kullum da safe ina tsintar gawa,
marasa nauyi kamar ganye,
ina karanta zoben da na sa musu a ƙafa.
Mai lamba ɗari da sha bakwai,
wadda ke sauka a takalmina,
ta juya ƙwaya ɗaya har rana ta faɗi
ba ta fasa ba.

Ba wanda ya yi niyyar bakinsa ya yi kauri.
Yunwa ba ta ƙera baki, tankaɗe kawai take yi.
Waɗanda bakinsu ya ɗara da kaurin farce
su suka ga ruwan baɗi,
kuma 'ya'yansu da bakin iyaye suka fito.

"Mai ƙarfi ya ci, ke nan," ta ce. "Tsohon labari."

A'a. Da ruwa ya dawo ya yi yawa,
ƙananan ƙwayoyi suka cika ƙasa,
sai ma'auni ya koma baya.
Jarumin bara ya zama mai wahalar tsinta.
Ba tsani ba ne, Gwaggo, ba mai hawa sama.
Yayi ne ke tambaya,
kowa ya amsa da abin da ya gada.

Ta yi shiru. Ta jefa wa kwasakwasa hanji.
Wani damon teku a kan dakali
ya yi atishawar gishiri ya koma barci.
Ta taɓa gicciyen da ke wuyanta
da hannu mai ƙarnin kifi.

"Wanda ya yi tsuntsun," ta ce,
"shi ya aiko farin."

Na duba jakata.
Ba ni da ma'aunin wannan,
kuma ban yi mata ƙaryar ina da shi ba.

Ta naɗe mini kan kifi a jarida,
ta kama haɓata ta juya ni hagu da dama.
"Naka bakin ma ya sake," ta ce.
"Zo gida a yi miya."