Gaban Labule

Wuta ta ɗauke a Ɗan Gulbi.
Na shimfiɗa tabarma tsakar gida,
can sama wata 'yar fitila na tafiya tana ƙifta ido.
Na ce wa Barira: cikin waccan ma yanzu ana rabon tuwo.
Ta ce: tuwon me?
Na rasa ta inda zan fara.

Ni Rabe, mai saida kayan kabu-kabu,
sau shida ina zuwa Gwanzu da gwiwa a ƙirji,
sai a na bakwai jirgi ya cika ya batse,
wata yarinya ta dubi tikitina, ta dubi na'ura,
ta ce in bi ta.
Na ɗauka laifi na yi.
Ashe gaban labule za ta kai ni.

Suka miƙo tsumma mai zafi a bakin awartaki.
Na riƙe shi kamar saƙon da ba a faɗa mini mai shi ba,
sai da na ga tsohon gefena ya shafe fuska,
sannan na shafe tawa,
har da bayan kunne, kamar mai alwala.

Kujerar tana da maɓalli goma sha ɗaya.
Na taɓa ɗaya, ta durƙusa kamar raƙumi.
Na taɓa wani, ta shiga yi mini tausa
ba tare da ta tambayi sunan ubana ba.

Abinci kuwa, Barira, bi da bi yake zuwa,
kamar masu gaisuwar suna.
Farin ƙyalle, cokali uku, wuƙa biyu,
gishiri a kwalba kamar ta tozali.
Faranti faɗin faifai,
tsoka ɗaya tsakiyarsa,
ita kaɗai, kamar jar akuya a yashin Gulbi da rani.
Taushi dai akwai taushi.
Amma wannan naman bai taɓa jin hayaƙi ba,
bai san yaji ba, bai san hannun mahauci ba.

Da suka rage fitilu na laluba aljihu,
na kwance kilishin da kika naɗe mini a takardar siminti.
Ƙamshin gujjiya ya tashi, ya zaga,
tsohon nan ya ɗaga abin rufe idonsa.
Ba ni da yarensa, ba shi da nawa.
Na yaga na miƙa.
Ya tauna, hawaye suka zubo, yana dariya yana tari,
ya sake miƙo hannu.
Daga Yamai har inda muka sauka,
wannan lomar ce kaɗai ta zauna mini.

Gado ne sosai, da bargo, da matashi,
amma barci ya tsaya bayan labule.
Can na bar Tsahiru, abokin tafiyata,
wanda muke raba biredi ɗaya tun muna yaran shago,
a naɗe kamar tabarmar masallaci,
kafaɗarsa babu tawa da za ta jingina.
Na tashi na leƙa.
Bakinsa buɗe, kansa bisa kafaɗar wani baƙo,
yana sharar barcin da kujerata ta kasa saya mini.

Me na kawo? Safa biyu, da 'yar jakar man shafawa,
da abin rufe idon nan
da Tsahara ta ɗaura wa ɗan akuya jiya.

Fitilar ta wuce, ta yi wajen Madarumfa.
Sauro ya fara kiran sunana.
Jawo kwaryar nan, Barira,
hurar ta kwana, ta yi tsami yadda nake so.
Ludayi ɗaya ne? Bar shi.
Sha ki miƙo.