Takalma a Bakin Ƙofa

Bayan isha'i, a nan Yawuri,
takalma nake ƙirgawa, ba kawuna ba.

Na Shafa'atu a jere,
sai ka ce malama za ta zo dubawa.
Na Mudi wari ɗaya,
ɗayan ya bi Kwara tun Talata.
Ya rantse giwan ruwa ne ya fizge.
Na ɗaga muciya, dariya ta riga ni.

Na ubansu, laka da ƙaurin albasa;
kasuwar bana dai, sai godiya.

Ɗazu na zura ƙafa cikin duhu,
takalmin ya yi mini yawa.
Na haska: ashe na Bashari ne,
wanda jiya-jiya ya jiƙa mini zane.

Sauran tuwo na jiran murfi,
ni kuwa na kasa cirewa.