Gefen Takarda

Ni ne ɗan aike. Babur ɗina ya san
hawa da gangaren Damagaram fiye da ni.
Shekara shida ina jigilar takardun aikin ruwa
daga biro zuwa biro, cikin jaka a hammata.

Kyari ne farkon igiyar.
Ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku a bayan Birni,
ya kanne ido ɗaya kamar maharbi,
yara suna bin sandarsa mai ja da fari.
Ya auna tudu, ya auna kwari.
Da la'asar ya buga ƙarfe a ƙasa,
ƙarfen ya yi ƙara, ya dawo masa a tafin hannu.
Sai ya ciro fensir, can ƙuryar takarda ya rubuta:
"Daga turke na sha bakwai akwai falalen dutse,
kamu biyu kacal ƙarƙashin rairayi."

Na kai aka buga kwafi uku.
Injin ya haɗiye gefen. Ban duba ba.
Wa ke duban bakin tabarma in tsakiya ta yi kyau?

Barira ta karɓa, ta gyara tabarau,
ta ja layi miƙaƙƙe kamar zaren saƙa
daga tankin ruwa har Garin Malam.
Abin da ta gani ta zana. Ba ta yi ƙarya ba.

Ma'azu mai lissafi ya karɓi zanenta da shayi a hannu.
Ƙasa mai laushi, in ji shi, diga da shebur sun isa:
leburori talatin, kwana arba'in,
tiyo kaza, siminti buhu kaza.
Ya buga hatimi. Shi ma bai yi ƙarya ba.
Daga nan mai odar kaya, daga nan mai raba kwanaki,
kowa ya sha a ƙwaryar da na miƙa masa,
ba wanda ya tambayi rijiyar.

Ranar sha tara da fara haƙa,
digar Tanimun ta yi tartsatsi.
Ta biyu ta karye a wuya.
Mutum talatin suka zauna a inuwar dogon yaro,
manyan motoci sun riga sun juye tiyo a bakin hanya,
awaki suna hawa suna sauka.
Mata suka zo da jarkoki, suka leƙa ramin,
ba su ce komai ba. Gara a ce sun yi zagi.

Wata tsohuwa, Iya Kellu, ta taɓa ni da sanda:
"Ɗan nan, ba a nan kuke zamiya da wando ba kuna yara,
kafin rairayi ya rufe shi?"
A nan ne. Na san dutsen da gwiwoyina.
Sau nawa na wuce kansa da takardar a hammata,
bakina a rufe kamar jakar,
don an ce aikina kaiwa, ba faɗa ba.

Da dare Kyari ya buɗe akwatinsa,
ya fito da ta asalin, ya haska fitila.
Ga fensir ɗin nan, siriri, yana jiranmu wata biyar.

Yanzu in na kai takarda ba na juyawa nan take.
Nakan tsaya Barira ta karanta har gefe,
in ce mata Kyari ya ce, in ce Iya Kellu ta ce,
in ɗauki tambayarta in koma da ita inda na fito.
Mai ya fi ƙarewa. Ma'azu yana ƙorafi a kan rasit.
An karkata layin ta bayan makaranta, an ƙara wata uku.

Ruwa bai iso ba tukuna.
Jiya na ga yaro ya kara kunne a bakin tiyo,
ya ce da ƙanensa ya yi shiru, yana jin wani abu.